Bugun Tebur

Darakta ya gama karanta ƙarar da na rubuta a kan abokiyar aikina, tsohuwar malamar ba ta musa ko kalma ɗaya ba.

Watana uku da fara koyarwa a wata makaranta a unguwar New Bell. Ajinmu ɗaya, allonmu ɗaya: ni Larabci daga dama, ita Faransanci daga hagu. Kullum sai rubutunta ya hau kan nawa. Yaran kuwa, da ta miƙe sai su hau buga tebur, layi bayan layi, ita ko a jikinta. Na yi faɗa, na yi bulala, a banza. Na ɗauka raini ne, kuma da saninta.

"Ki huta haka nan, Madam," in ji darakta. "Shekara talatin ai ta isa."

Ta dawo aji ɗaukar jakarta. Na riga na gargaɗi yaran, wanda ya taɓa tebur yau korarsa zan yi. Ajin ya yi tsit.

Ta yi taku biyu, ta ci karo da benci. Ta tsaya tana laluben iska.

"'Yata," ta ce da ni a hankali, "ina ƙofar take?"

Wata uku ina kallon rubutunta, ban taɓa kallon idonta ba.

Sai aka buga teburin gaba. Na kusa da shi ya karɓa, na gabansa ya amsa, har bakin ƙofa. Ta bi sautin ta fita.

Tun daga ranar ajina shiru yake, yadda na nema.