Kabureta a Gwangwanin Kalanzir

Ga wani misali, ki riƙe shi saboda ranar da wani zai kawo ƙarfi inda lallashi ake nema.

An yi wani manomi da mahaifinsa ya rasu ya bar tsohon babur a zaure. Ya daɗe a jingine, har kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin yin ƙwai. Abin da ya sa mutumin ya tashi gyara shi kuwa Innarsu ce. Ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, ga yayarta kwance ba lafiya a wani ƙauye can bayan fadama inda mota ba ta shiga, kuma da zarar ruwan farko ya sauka hanyar ta rufe ke nan sai kaka. Tsohuwa ba ta roƙi kowa ba. Zanenta na fita kawai ta wanke ta ninke ta ajiye a bakin gado, mai ido ya gani. Mutumin ya sauya taya, ya sa sabon fulogi, amma da ya kwance kabureta, ɗan ƙoƙon nan da ke haɗa mai da iska, sai ya tarar ta cushe. Tsohon mai ya daskare kamar ƙaro, tsatsa da wani farin gari mai kama da kanwa sun kama wani ɗan noti na tagulla mai huji kamar na allura, wanda ta nan mai ke wucewa. Ya zaga wajen masu gyara, kowa ya ce irin wannan kaburetar an daina kawo ta. Sai ya samo gwangwanin tumatir, ya zuba kalanzir ya tsoma ta. Kullum da safe kafin ya tafi sharar gona sai ya ciro ta, ya ɗan ƙwanƙwasa da ƙotar sukundireba, ya murɗa kaɗan gaba, kaɗan baya, in ya ji ta ƙi ya mayar. Matarsa, wadda ba mai yawan magana ba ce, ita ke ɗora gwangwanin kan katanga saboda awaki, in kalanzir ya yi ja ta sauya shi daga na fitilarta. Ran da notin ya ɗan motsa, ta ga haƙoran mijinta. Ya ce mata saura ƙiris, kada ta bar kowa ya taɓa.

Washegari da hantsi, yana gona, sai ga ƙanensa ya zo daga tasha inda yake dako, ƙato mai damtse kamar taɓarya. Da ya ji batun Inna sai ya bugi ƙirji, wai yau yau ɗin nan kafin la'asar zai kai ta, wa ya taɓa ganin ana jiƙa ƙarfe kamar wake in ba Yaya ba. Matar ta fito bakin madafi ta gaya masa yayansa ya ce kada a taɓa. To kin san tsakanin mace da ƙanin miji akwai wasa, shi kuwa duk abin da ya fito daga bakinta wasa ya ɗauke shi. Ya ce, "Matarmu, tsatsa ce ke ba ku tsoro a gidan nan? Miƙo mini filaya." Ta sake faɗa, babu ko alamar dariya a fuskarta, ta ce notin ya fara motsi, a bar shi ya ƙara kwana. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ashe yanzu bakanike suka auro. Da ta ƙi miƙo filayar, ya shiga ɗakin yayansa ya ɗauko da kansa, ya damƙi kan notin ya murɗa da ƙarfin da yake ɗaga buhun masara. Daga inda take tsaye ta ji ƙas. Kan notin ya zo a bakin filaya, jikinsa ya maƙale a rami. Maimakon ya tsaya nan, sai ya nemo ƙusa da guduma wai zai tono ragowar, bugu na biyu kabureta ta tsage. Ya jefa ta cikin gwangwanin, sai ka ce kalanzir na ɗinke ƙarfe, ya goge hannunsa da tsumman tukunyarta.

Da maigidan ya dawo ya tsoma hannu ya ciro kaburetar, ya tarar ta tsage. Ƙanen ne ya riga kowa magana, wai dama abin ruɓaɓɓe ne. Sannan ya juyo ya nuna matar da baki ya ce, "Ai da matarka ta faɗa mini da gaske, da ban taɓa ba." Tana tsaye da ludayi a hannu, ga Inna zaune a wurin, gaban suruka ne, ta haɗiye maganarta. Da wane baki kuma ake faɗin gaske, in wanda ta faɗa da shi bai isa ba? Ita da ta ƙarar da kalanzir ɗin fitilarta, ita ce ta kwana da laifi. Ƙanen kuwa ya zauna ya tashi da malmala biyu ta tuwon da ta tuƙa, ya wanke hannu ya koma tasha.

Ba a jima ba hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauka, fadama ta cika. Babur ya koma zaure, kaji suka koma ƙarƙashinsa. Da safe matar ta kai wa Inna kunu, ta tarar tsohuwa ta buɗe akwati tana mai da zanen nan ciki, tana shafa shi da tafin hannu.

Shi ya sa masu iya magana suka ce sauri ya haifi nawa.