Ɗan Kunnen Barira

Tun da aka soke jarrabawa a jami'a, ɗan kunnen da ake maƙala wa kowane ɗalibi ne ke sauraron karatunsa, shi ne kuma ke yanke masa sakamako. Barira ta zo daga ƙauye ba ta san kan na'ura ba, sai abokiyar ɗakinta Zinatu ta ce, "Kawo in haɗa da nawa in saita mana." Ta saita, ta maƙala mata da hannunta. Ɗan kunnen bai taɓa kiran sunan Barira ba, kullum "ƙawata" yake ce mata, abin har daɗi yake mata.

Ranar karɓar rigar yaye ɗalibai, ta cire shi ta ajiye gaban Malam Nafi'u mai kula da ofishin. Allo ya haska, Malam ya washe baki.

"Zinatu Lawal, daraja ta ɗaya! Barka, 'yata."

"Malam, ni Barira ce."

"Ai wannan na Zinatu ne." Ya taɓa allon, ya nemo sunan Barira. "Na Barira kuwa bai taɓa jin karatu ba. Hira da kiɗan biki kawai ya sha."

Nan ta tuna yadda Zinatu ke tashinta da asuba da kofin shayi: "Tashi ki yi karatu, ƙawata, kada ki ba ni kunya."

Ta leƙa taga. Ga Zinatu can da danginta da mai hoto suna jira. Zinatu ta ɗago mata hannu tana murmushi, ta ce, "Ƙawata, sakamakon ya fito?"