Mai Tsaron Gida Ya Tafi Hutu

"Alhaji, me ya kada 'yan wasanka yau?" ɗan jaridar rediyo ya tambaye shi a filin ƙwallon Tasawa.

"Yunwa, ɗana. Rumbuna ya ƙare."

A shekarar farin nan sojoji sun hana ambaton yunwa a rediyo. Kafin Juma'a aka karɓe ƙungiyar da ya kafa, aka ba wani mai iya bakinsa.

Bayan wata biyu ya ji sabon mai ƙungiyar a rediyo yana cewa mai tsaron gida ya tafi hutu ƙauyensu.

Alhaji ya kashe rediyon. Jiya da hannunsa ya sa yaron a kabari, ƙasar ba ta gama fita daga faratansa ba.