Kwabon Masarautar Bansur

Shekara tara Nata'ala ya yi yana tara tsofaffin kwabban tagulla na masarautun Indiya, tun ranar da ya gaji gwangwanin kwabban kakansa, Saje Issahaku, wanda ya yi yaƙin Bama. A gidansa da ke unguwar Catford kowane kwabo da mazauninsa: na Bhopal, na Baroda, na Hyderabad.

Guda ɗaya ne daga cikin na gwangwanin ya gagare shi ganewa. Ya fi sauran faɗi, ga huda a gefe, ga hoton wata dabba mai ƙaho. Rubutun jikinsa ya goge, baƙaƙen Larabci huɗu kaɗai ke fitowa sosai: ba, nun, sin, ra.

Ya kai wa wani dillali a Marylebone. Mutumin ya juya, ya sake juyawa, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Nata'ala ya fito baki har kunne. Yana jiran bas ya buɗe taswirar Indiya a waya, sai ga wani gari a Rajasthan: Bansur.

Shi ke nan fa. Abokan aikinsa a gidan rediyo suka koma canza hanya in sun hango shi. Bernard, shugaban ƙungiyarsu ta masu tara kwabbai, ya ce zai zo ranar Asabar da kyamara, a sa labarin a mujallarsu.

Ranar Asabar Nata'ala ya ci babbar riga, ya ɗora kwabon kan karammiski. Yana tsakiyar bayanin yadda Sarkin Bansur ya zaɓi barewa ta zama tambarinsa, sai mahaifiyarsa Umma ta shigo da shayi. Daga Kano ta zo aka yi mata aikin ido, yanzu ko allura ta faɗi sai ta gani.

Ta ajiye tire, ta sure kwabon.

"Umma, sai da safar hannu ake taɓawa!"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kai shi bakin taga, leɓenta na motsi, sannan ta fashe da dariya har da hawaye. Bernard ya matso da kyamara, ya roƙi a fassara masa kowace kalma.

"Allah sarki, Baba," in ji Umma tana goge ido. "Kai ɗan boko, ajami ne fa, 'bunsuru' aka rubuta. Maƙerin unguwarmu ya buga, a wuyan bunsurun Baba ake ratayawa, don kullum sai ya shiga gonar mutane."