Allurar Mai da Ɗaurin Auren Ƙane

Kai da ke ce mini komai sai gobe, zauna ka ji na wani mai tsohuwar mota a garinmu. Allurar mai ta motarsa ta daɗe da daina faɗin gaskiya. Ya sha mai ta kwanta ƙasa, mai ya kusa ƙarewa ta miƙe tana rawa. Bakanike ya duba waya ya ga lafiyarta ƙalau, ya ce masa matsalar tana cikin tanki: akwai ɗan kumbo da ke shawagi a kan mai, shi ke gaya wa allura inda mai ya tsaya, kuma sai an sauke tanki a gan shi. Aikin yini ɗaya ne. Mutumin nan ya ce shi ba shi da yinin zubarwa. Sai ya koma ƙwanƙwasa gilashin allura da ɗan yatsa yana zaginta, har sabuwar allura ya sa aka ɗaura masa, ita ma ta ɗora daga inda waccan ta tsaya. Ya bar jaki yana dukan taiki, damina ta wuce, rani ya shigo, kullum sai wani mako. Wallahi irin wannan taurin kai yana ba ni haushi.

Ana nan aka sa ranar ɗaurin auren ƙanensa a wani ƙauye mai nisa, shi aka ɗora wa kai baffansu, wanda zai karɓi aure, da goron ɗaurin auren. Ana wahalar mai a lokacin, gidajen mai a rufe. Da safe dattijon ya shiga gaba da babbar rigarsa, aka tayar da mota, allura ta kwanta ko motsi. Mai motar ya san ya zuba mai a makon, amma ya yi ta zirga-zirgar biki, bai san abin da ya rage ba, ga daji a gaba. Ya zura kara a bakin tanki, karan ya tokare a lanƙwasa. Sai a ranar ya tuna da gareji, ya je yana ce wa bakanike ya yi masa yanzu-yanzu. Tsatsa ba ta san ana sauri ba. Noti ya ƙi kwancuwa, wani ya karye, tiyo ya tsage sai da aka shiga kasuwa nemo wani. Dattijo na zaune a benci yana fifita da hula, duk sanda ya tambaya a ce masa saura kaɗan. Da tanki ya sauko, ƙarti biyu suka ɗauke shi da ƙyar saboda nauyin mai, man da ya isa ya kai motar ƙauyen ya dawo da ita. Ɗan kumbon ne ya huje, ya sha mai ya nutse.

An gyara, allura ta miƙe tsaf tana faɗin gaskiya, ana kiran la'asar. Can ƙauye dangin amarya sun jira har sun gaji, sun naɗe tabarmi, suna cewa an raina su. Sai da aka yi ta kai gwauro ana kai mari da ban haƙuri kafin suka yarda a sake sa rana, ƙanen kuwa ya daɗe bai taka gidan wansa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.