Taron Zauren Babaji

Ana idar da la'asar Umara ya ja ƙafa zuwa zauren Mallam Babaji a Hausari, kamar kowace Juma'a. Mutanen unguwa sun san Umara da gyaran agogo. A ofis kuwa ɗan sandan ciki ne, wanda aka dasa cikin ragowar 'yan adawa tun da soja suka hana siyasa.

Ragowar ma dai sunan ne. Tsofaffi ne, mai tari da mai ciwon gwiwa. Su ba shi tabarma mai kyau kusa da Babaji, su sassauta murya, su zagi gwamnati a hankali. Wani sa'in har a maimaita, a ce, "Ka dai ji ko, Umara?" Daga nan sai hamma. Ba su taɓa shirya ko jifan kare ba.

Umara ya gaji, gajiya har ɓargo. Mahaifiyarsa Dada tana garinsu Gadaka, idonta ya tafi, kullum aikenta ɗaya: ya dawo gida. Ya nemi a mayar da shi can, Sufeto ya ce, "Ranar da suka watse, ranar za ka tafi."

To, ina suka ga ta watsewa? Ruwa ko rana suna nan. Da ƙafar ɗayansu, Ɗantala, ta kumbura, a amalanke aka turo shi. Umara yana gaishe su, a zuci yana Allah-Allah su fasa.

Da damina Dada ta rasu. Ya je ya iske har an rufe ta.

Bayan kaka, Babaji ma ya bi ta. Juma'ar da ta zagayo Umara ya zo, ya tarar an naɗe tabarmi, Ɗantala kaɗai a dakali yana jiransa, yana ta sunkuyar da kai.

"Ka yafe mana, ɗana, ƙarfinmu ya ƙare," in ji tsohon. "Mu mun bar siyasa tun ranar da soja suka hau. Marigayi ne ya ce maƙwabci ba ya zuba wa maƙwabci ƙasa a tuwo: in muka daina taruwa, gwamnati za ta sallame ka daga aiki, ga ka da tsohuwa makauniya."