Guɗa a Layin Asibiti

Likita na duban jikarta yana cewa "kuturta ce", tsohuwar ta rangaɗa guɗa, ko hanci ba ta kama ba.

Ɗanta, uban yarinyar, ya sunkuyo. "Inna, ki rufa mana asiri. Mutanen garinmu Fammar ne cike a layin nan."

Tun bara farin tabo ya fito a kafaɗar jikarta. Kowa ya ce kyasfi ne. Aka duba da madubin likita ba a ga komai ba, uban ya ce magana ta ƙare. Tsohuwar ta ƙi. Sai da ta sa aka kankari fatar aka kai Kano, inda sabon gwaji ke gano ƙwayar halittar cutar komai ƙanƙantarta.

"Su ji mana," ta ce. "Likita, za ta warke?"

"In ta shanye magani, da yardar Allah ko farce ba za ta rasa ba."

Tsohuwar ta zaro hannuwanta daga hijabi, dungulmi biyu, ta ɗaga su sama, ta dubi ɗanta.

"Ni an rufa mini asiri, ga sakamakon. Ka biya kasuwa ka sayo lalle. Ita tana da inda za a sa mata."